Yadda za ka gina shafin dillanci da Google ba zai ƙi tallarsa ba

Ɗan'uwa, idan kana dillancin kaya ta intanet, wato ka tura mai saye wurin kamfani, shi kuma kamfanin ya ba ka la'ada, kuma kana shirin biyan Google ya nuna tallarka ga masu bincike, to kada ka fara da rubuta tallar. Fara da shafin da mutum zai sauka a kai idan ya danna. A can ake cin riba, a can kuma Google ke rufe wa mutane asusun tallarsu.

Ni kayan sola nake dillanci, musamman ƙananan akwatunan ajiyar wuta da ake caji da rana, don haka da su zan riƙa ba da misali.

Ga gwajin da nake yi wa kowane shafi kafin in kashe masa ko kwabo: in ɗauka an cire duk mahaɗan, wato wuraren dannawa (link), da ke kai mutum wurin mai kaya. Me ya rage? Idan hoto ɗaya ne da maɓallin "saya yanzu", to ba shafi ka gina ba, gada ce kawai, kuma dokokin Google Ads, wato tsarin tallan Google, sun ambaci irin wannan ƙarara: shafin da ba shi da wani aiki sai tura mutane wani wuri, da shafin da ya kwafo bayanin wasu bai ƙara komai nasa ba. Ba na ganin laifinsu a nan. A kasuwar shanu ma, dillalin da ya duba haƙoran bijimi, ya san shekarunsa, ya gaya maka gaskiyar aibinsa, shi ya ci la'adarsa. Wanda ya nuna maka mai shanun da baki kawai bai yi maka komai ba.

To me za ka sa a shafin? Abin da mai kaya ba zai faɗa da bakinsa ba. A shafina na akwatin wuta ba na tsayawa a kan cewa yana ɗaukar wat 500 na awa guda, domin wannan yana rubuce a jikin kwali. Lissafi nake yi wa mai karatu: fanka mai cin wat 50, idan aka cire wutar da ke salwanta wajen juyawa, za ta yi kamar awa takwas, ba goma ba. Ina faɗa masa cewa ba zai ɗauki dutsen guga ba. Ina jera akwatuna uku gefe da gefe, da nauyinsu, da irin batirinsu, da tsawon garantinsu, sannan in ce wanda zan saya wa mai shagon cajin waya daban, wanda zan saya wa gida mai yara daban. Hotunan ni na ɗauke su da wayata, har da wurin da fentin ya karce. Wannan aikin yana cin lokaci, ba kuma za ka iya yi wa kaya hamsin ba. Ka zaɓi kaɗan da ka taɓa da hannunka.

Sai maganar la'ada. Ka faɗi cewa kana samunta, a saman shafi, kafin mahaɗi na farko, ba can ƙasa da ƙananan haruffa ba. Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta kan wannan a 2023, kuma abin da take so shi ne bayanin ya fito fili inda ido zai faɗa kansa. Amazon ma, kamfanin sayar da kaya ta intanet, yana wajabta wa dillalansa su rubuta cewa suna samun kuɗi daga cinikin da aka yi ta hannunsu. Ko da babu doka, ni ina ganin haƙƙin mai saye ne ya san cewa mai ba shi shawara yana da rabo. Ka kuma sa shafin da ke cewa ko kai waye, da hanyar tuntuɓarka, da bayanin abin da kake yi da sunaye da lambobin mutane idan kana karɓa. Mahaɗan kuma ka yi musu alamar rel="sponsored", wadda Google ya fito da ita a 2019 don nuna cewa mahaɗin na talla ne ko na la'ada.

Yanzu adireshi, inda sababbin shiga suka fi tuntuɓe. Sunan gidan yanar da ya bayyana a tallar dole ya zama shi ne inda mutum zai ƙare. Ba za ka nuna adireshinka ba sannan dannawa ta wurga shi shafin wani kamfani. Shafin ya buɗe da sauri a waya, kada wata taga ta faɗo ta rufe rubutu, kada ka hana maɓallin komawa baya aiki, kada kuma ka toshe wa AdsBot hanya, wato manhajar da Google ke aikowa ta duba shafin. Wannan ba don gudun hukunci kaɗai ba ne. Makin inganci, daga 1 zuwa 10, da Google ke bai wa kalmomin nemanka, wato kalmomin da ka biya don tallarka ta fito idan mai bincike ya rubuta su, abu uku ake dubawa wajen ba da shi, kuma yadda shafin sauka ya gamsar da mai ziyara yana cikinsu. Shafi mara kyau yakan sa ka biya da tsada a kan wurin da wani ya samu da araha.

Dokokin Google rabi ne kawai. Sauran rabin suna cikin yarjejeniyar da ka sa wa hannu da mai kaya, wadda yawancinmu ba ma karantawa. Kamfanoni da yawa sun hana dillali sayen sunansu a matsayin kalmar nema, domin mutumin da ya rubuta sunansu dama wurinsu zai je, ba su ga dalilin biyan ka a kansa ba. Amazon ya hana sayen kalmomi irin su amazon da Kindle, har da rubutunsu na kuskure, kuma cinikin da ya zo ta haka ba a biyan la'adarsa. Saka waɗannan sunaye cikin jerin kalmomin da ka hana tallarka fitowa a kansu tun ranar farko, domin Google kan faɗaɗa ma'anar kalma ya nuna tallar inda ba ka nufa ba.

Rubutun tallar gajere ne: kanu ba ya wuce haruffa 30, bayani ba ya wuce 90. Duk abin da ka yi alkawari a ciki, mutum ya same shi a shafin ba tare da nema ba. Kada ka rubuta ragin da babu shi, kada ka sa kanka a matsayin kamfanin, kada ka yi alkawarin waraka ko na kuɗi a dare ɗaya. Wani abu da ke damuna: Hausa ba ta cikin harsunan da Google Ads ke karɓar talla da su, don haka da Turanci ko Faransanci ko Larabci za ka rubuta tallar da shafin, ko da masu sayenka Hausawa ne.

Ka yi lissafi kafin ka zuba kuɗi. A ce dannawa ɗaya naira 100 ce, kuma mutum ɗaya cikin 50 ne ke saye. Kowane ciniki ya ci maka naira 5,000 ke nan. Idan la'adarka 3,000 ce, asara kake saye da kuɗinka. Ka kuma duba tsawon lokacin da mai kaya ke riƙe cinikin da sunanka. A Amazon awa 24 ne bayan dannawa.

Idan an ƙi tallarka, karanta dalilin da aka rubuta, gyara shafin da gaske, sannan ka ɗaukaka ƙara daga cikin asusun. Akwai masu sayar da dabarar nuna wa Google shafi mai tsabta a nuna wa mutane wani daban. Kada ka taɓa ta. Google yana ɗaukar wannan a matsayin zagaye tsarinsa, yana dakatar da asusu a kai ba tare da gargaɗi ba, kuma buɗe sabon asusu bayan an dakatar da kai shi ma laifi ne a ƙarƙashin wannan dokar.