Kurakuran da 'yan takarar shugaban ƙasa suka fi yi wajen raha a kan dandamali

Jama'ar da ke cika filin gangami ba karatun manufofi suka zo saurare ba. Mutum ya rufe shagonsa, ya tsaya cikin rana tun hantsi, mawaƙa sun yi nasu, sanƙira ya yi kirari har muryarsa ta dushe, sai bayan la'asar ɗan takara zai karɓi lasifika. Idan a lokacin ya soma jero alƙaluman kasafin kuɗi, ƙofar fita ce za ta cika. Dole ya sa a dara, ya yi habaici, ya bar wa mutane maganar da za su tafi da ita majalisa da daddare.

Matsalar ita ce waɗanda suka yi shewa a filin nan ƙuri'arsu tana aljihu tun kafin a zo. Wanda ake nema shi ne wanda bai zo ba, wanda gobe zai ga guntun bidiyon a WhatsApp, ba kiɗa, ba taro, shi kaɗai da wayarsa. Kusan duk kuskuren da zan ambata daga mantawa da wannan mutumin yake tasowa.

Mafi muni, kuma wanda aka fi maimaitawa, shi ne a bar abokin hamayya a koma yi wa magoya bayansa ba'a. A watan Satumba na 2016, a wani taron tara kuɗi a New York, Hillary Clinton ta ce rabin masu bin Donald Trump za a iya zuba su a kwandon mutanen banza. Ɗakin ya ɗauki dariya. Washegari ta ce ta yi nadamar cewa "rabi", amma bakin alƙalami ya bushe: magoya bayan Trump suka buga sunan a riguna da huluna suna yawo da shi, abin zagi ya zama tambarin alfahari. Shekara huɗu kafin nan Mitt Romney, ɗan takarar jam'iyyar Republican, ya taka irin wannan sawun, da ya gaya wa attajirai a wata liyafa cewa kashi 47 cikin ɗari na Amurkawa sun dogara ga gwamnati, kuma ba aikinsa ba ne ya damu da su. Wani ya naɗa a ɓoye, mujallar Mother Jones ta fitar, aka yi ta dukansa da shi har ranar zaɓe.

Mu ma mun gani a gida. A yaƙin neman zaɓen 2015 uwargidan shugaban ƙasa, Patience Jonathan, ta yi shaguɓe a kan mutanen wani ɓangare da ke haihuwar 'ya'ya su watsar a titi. Ba ta kama suna ba, amma babu wanda bai gane inda ta dosa ba, kuma 'yan PDP na Arewa, masu bi gida-gida suna roƙo, su suka sha kunyar. Gabanin 2023 kuma an yi ta cewa masu son Peter Obi wasu tsirarun yara ne da ke zaune a ɗaki suna danna waya. Raini ya zame musu mai a wuta. Obi ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan shida, ya cinye Legas da Abuja.

Gyaran ba wuya: ka raba ɗan takara da mabiyansa. Shi ka caccake shi a kan abin da ya yi da abin da ya kasa yi. Su kuwa ka yi maganarsu kamar 'yan'uwan da aka yi wa alkawari ba a cika ba, domin mutum zai iya sauya ra'ayi idan an bar masa ƙofar dawowa da mutuncinsa, amma ba zai dangwala wa wanda ya kira shi wawa ba. Mai rubuta jawabi ya bi kowace ba'a ya tambayi kansa, a kan wa za a yi dariyar nan? In amsar ta haɗa da talakan da ke da katin zaɓe, a goge.

Akwai reshen wannan kuskuren da ba a cika lura da shi ba, wato zagin mutum da sana'ar wasu. Kashim Shettima gwanin magana ne, ba mai musu, kuma idan ya tsokani Atiku Abubakar kunnen ɗan Arewa yakan ji wasan Babarbare da Bafulatani, wanda ya girme su duka biyun. Amma ana dab da zaɓen fid da gwani na APC a Yunin 2022 ya ce a talabijin Yemi Osinbajo mutumin kirki ne, mutanen kirki kuwa gugguru da askirim ya kamata su riƙa sayarwa, sannan ya haɗa sunan Ahmad Lawan da mai tumatir. Sai da ya fito ya ba da haƙuri, don mutanen nan 'yan jam'iyyarsa ne da zai nemi taimakonsu bayan 'yan kwanaki. Daga baya ya yi wa Atiku gori da takardar makarantar koyon tsafta ta Kano. To duba-gari nawa ne a ƙasar nan, da 'ya'yansu da jikokinsu? Mai tumatir na Kwanar Gafan shi ma yana da ƙuri'a. Wasan taubashi yana da sharaɗi: su biyun sun yarda da shi, kuma wanda aka tsokana yana nan zai rama. A gaban kyamara, inda miliyoyin masu kallo ba su san da wata taubasantaka ba, sharaɗin ya faɗi, abin da ya rage gori ne tsagwaronsa.

Sai taɓa tsufa, ciwo da mutuwa. A Janairun 2015 gwamnan Ekiti, Ayo Fayose, ya sayi shafin farko na wasu jaridu, ya jera hotunan Murtala Muhammed, Sani Abacha da Umaru 'Yar'aduwa, waɗanda suka rasu a kan mulki, ya sa na Buhari da alamar tambaya. Kwamitin yaƙin neman zaɓen Jonathan kansa sai da ya nesanta kansa da tallan. Wanda ya san Bahaushe ya san cewa yi wa rayayye fatan mutuwa ba ya jawo dariya, "Allah ya kiyaye" yake jawowa, tausayi kuma ya koma wajen wanda aka yi wa. Lafiyar mai neman mulki abin tambaya ce, ba laifi, amma a yi ta da fuskar gaske: a nemi ya fito muhawara, a nemi bayanin likita. Da zarar an mai da ita abin shewa an ba shi kyauta.

To idan kai ake yi wa fa? A nan mutane da yawa ke yin kuskure na biyu a kan na farko: su fusata, su kira taron 'yan jarida, su yi ta rantsuwa cewa garau suke, alhali yawan musu shi ke raya zance. Darasin da aka fi koyarwa a nan na shugaban Amurka Ronald Reagan ne. A 1984 yana da shekara 73, kuma a muhawarar farko da Walter Mondale ya yi ta daburcewa, har jaridu suka soma tambaya ko tsufa ya ci ƙarfinsa. A ta biyu, ranar 21 ga Oktoba a Kansas City, aka yi masa tambayar kai tsaye. Bai ɓata rai ba. Ya ce shi ba zai mai da shekaru abin kamfe ba, ba zai yi amfani da ƙuruciyar abokin karawarsa da rashin gogewarsa don cin ribar siyasa ba. Mondale, mai shekara 56, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, shi kansa ya kasa riƙe dariya, kyamara kuma ta kama shi. Reagan ya ɗauki kofin ruwa ya kurɓa, ya bar dariyar ta gama aikinta. Daga baya Mondale ya ce tun a wurin ya san an gama.

A duba abin da ya sa ta yi aiki. Gajeriya ce. Ta amsa cewa akwai zargin, ba ta yi kamar ba a ji ba. Ba ta ci mutuncin kowa ba, shi ya sa wanda aka harba ya iya darawa. Kuma ita kanta hujja ce, domin wanda ƙwaƙwalwarsa ta tafi ba zai iya sakin irin wannan a kan gaɓa ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, sai ka mai da shi wasa. 'Yar'aduwa ya gwada irinta a 2007, da ya ce masu cewa ba shi da lafiya su zo su kara da shi a wasan sukwash. Da jita-jitar rasuwarsa ta bazu yana Jamus, Obasanjo ya buga masa waya daga kan dandamali, ya kara ta a lasifika, ya tambaye shi ko ya mutu. An yi dariya, jita-jitar ta lafa. Sai dai tarihi ya nuna raha tana kashe zance, ba ta warkar da ciwo.

Kada kuma a ɗora wa magana ɗaya kayan da ya fi ƙarfinta. Reagan ya ci jihohi 49 cikin 50 ne a lokacin da tattalin arziki ke farfaɗowa. A 1988 Lloyd Bentsen ya yi wa Dan Quayle kaca-kaca a muhawarar mataimaka, bayan Quayle ya kwatanta kansa da tsohon shugaba Jack Kennedy: Bentsen ya ce masa shi ya san Kennedy, kuma Quayle ba Kennedy ba ne. Har yau ana ba da labarin, amma George Bush babba da mataimakinsa Quayle suka ci jihohi 40.

Wani kuskuren shi ne zaton akwai rufaffen ɗaki. Reagan ɗin nan da muka yaba, a Agustan 1984 yana gwada lasifika kafin jawabin rediyo, ya yi wasa cewa nan da minti biyar za a fara yi wa Rasha ruwan bama-bamai. Maganar ta fita, Tarayyar Sobiyet ta yi Allah wadai. A Oktoban 2022 Atiku ya gaya wa taro a Arewa House da ke Kaduna cewa ɗan Arewa ba ɗan takarar Yarbawa ko na Ibo yake buƙata ba. Kafin ya bar garin bidiyon ya isa Inugu da Ibadan, inda shi ma yake neman kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u. Ko karin magana ba ta tsira ba: "kare jini biri jini" da Buhari ya faɗa a 2012 ta bi shi har zaɓen 2015, ana karanta wa waɗanda ba su taɓa jin ta ba a matsayin shelar zubar da jini. Kafin a hau dandamali a samu wani daga ɓangaren da ba a jin harshen, a karanta masa jimlar ita kaɗai, ba abin da ya gabace ta, ba abin da ya biyo baya, don haka za a yanko ta. In ya yamutsa fuska, a sake.

Haka nan duk wanda ka miƙa wa lasifika, bakinka ne. Ranar 27 ga Oktoban 2024, a gangamin Trump na Madison Square Garden, wani ɗan barkwanci, Tony Hinchcliffe, ya kira Puerto Rico tsibirin shara, ana saura kwana tara zaɓe, ga dubban 'yan asalin tsibirin da ƙuri'a a Pennsylvania. Kwamitin Trump ya yi maza ya ce ba da yawunsa ba. Da 'yan Democrat sun yi shiru sun bar abin ya yi ta ci, da riba ce. Sai Joe Biden ya zo mai da martani ya yi furucin da aka ji kamar magoya bayan Trump yake kira shara. Fadar White House ta ce ba haka yake nufi ba, amma washegari Trump ya sa rigar masu kwashe shara ya hau motarsu a Wisconsin, labari ya juya. Darasi biyu ke nan: a ji abin da mawaƙi, ɗan barkwanci da sojan baka za su faɗa tun kafin su hau, kuma idan abokin hamayya yana haƙa wa kansa rami kada a karɓi shebur ɗin. A Najeriya ma an yi doka a kan haka: sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hana kalaman ɓatanci da masu taɓa addini ko ƙabila a kamfe, ko da yake kowa ya san yadda aka aiwatar da ita.

Biyu kuma a gurguje. Alkawarin da aka zaɓa don daɗin faɗa: George Bush babba ya ce a 1988 a kalli leɓunansa, babu sabon haraji; a 1990 ya sa hannu a ƙarin haraji, a 1992 aka yi ta maimaita masa muryarsa har ya faɗi. In ba ka da tabbas, faɗi abin da za ka fara yi, kada ka rantse da abin da ba za ka taɓa yi ba. Sai aron jawabi: Biden ya janye daga takara a Satumban 1987 bayan an gano ya kwashi kalaman Neil Kinnock, jagoran jam'iyyar Labour ta Birtaniya, bai ambace shi ba. A lokacin sai da aka nemo kaset. Yau yaro da waya zai gano cikin minti ɗaya. Ka ce "wane ya ce", ba abin da zai ragu a jikinka.

Tuntuɓen harshe kuwa ba wanda ya fi ƙarfinsa. A Jos, ranar buɗe kamfe a Nuwamban 2022, Bola Tinubu ya zo yi wa jam'iyyarsa addu'a ya soma da haruffan PDP kafin ya gyara. Ga rana, ga hayaniya. Abin da ke ƙara wa irin wannan tsawon rai shi ne masu magana da yawu su fito suna cewa ba a yi ba, alhali kowa ya gani. Ɗan takara ya riga kowa yi wa kansa dariya a gangami na gaba, sau ɗaya, ya wuce. Masu tsara tafiya kuma su rage masa tsawon jawabi, su daina haɗa masa jihohi biyu a yini ɗaya, sannan a rubuta masa sunayen gari, sarki da 'yan takarar jihar da manyan baƙaƙe a kati guda, a ajiye a gabansa.