Yadda Ake Sa Bidiyo a PowerPoint a Kan Tablet

Da farko ka tabbatar bidiyon yana cikin tablet ɗin, kuma ya kasance MP4, don shi ne ba ya yawan ba da matsala.

1. Buɗe PowerPoint, ka taɓa shafin da kake son bidiyon ya fito.
2. Danna Insert, sannan Video.
3. Idan ya nemi izinin shiga hotunanka, ka ba shi.
4. Zaɓi bidiyon. Ja kusurwarsa don ƙara girma ko ragewa. Jan gefe yana iya murguɗe hoton.
5. Kunna shi ka saurara.

Gajeren bidiyo ya fi. Mai tsawo yana sa fayil nauyi, ya cinye maka data wajen turawa.