Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa ƙananan yara kiɗa da waƙa

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne yawan surutu. Malami zai tara yara 'yan shekara 3 zuwa 5, ya jera su a zaune, ya shiga bayanin mene ne kari, mene ne amo, ba a ko taɓa ganga ba. Kafin ya kai aya, wannan ya miƙe a ƙasa, wancan yana jan rigar na kusa da shi. Yaro mai waɗannan shekaru da jikinsa yake koyo. A kan haka Émile Jaques-Dalcroze, wanda ya koyar da kiɗa a Jeneba ta ƙasar Suwizalan, ya gina tsarinsa tun farkon ƙarni na 20: ɗalibi ya taka karin da ƙafa, ya ji shi a jika, sannan a gaya masa sunansa. Carl Orff na Jamus, wani masanin koyar da kiɗa, shi ma da tafi da bugun cinya da taka ƙasa yake farawa. Don haka ka shiga ɗakin da waƙa a bakinka. In kana so su tashi, ka rera "mu tashi, mu tashi" kana miƙewa, za ka ga sun bi ka.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓarna, domin ba a cika lura da shi ba. Babba, musamman namiji, yakan ɗauko waƙa a inda muryarsa ta fi jin daɗi, wato can ƙasa. Muryar ƙaramin yaro kuwa siririya ce, kuma iyakarta kaɗan ce, kusan amo biyar ko shida, daga re zuwa la (a jerin sunayen amo na do, re, mi, fa, so, la) a saman do na tsakiyar fiyano. In ka yi ƙasa, yaran ba za su iya kamo ka ba, sai su koma gunaguni ko ihu. Daga nan sai a ce wane ba shi da murya, alhali mai jan waƙar ne ya kauce. Wannan kalma tana yi mini ciwo, don na sha haɗuwa da manya da suka rufe bakinsu tun ranar da aka faɗa musu ita suna ƙanana. Ka ɗauki amon farko daga fiyano ko manhajar waya kafin ka fara, kuma ka zaɓi gajerun waƙoƙi. Masu bin tsarin Zoltán Kodály na Hangari da amo biyu kacal suke farawa, so da mi, sai yara sun riƙe su sannan a ƙara la.

Kada kuma a tilasta wa wanda ya noƙe. Na taɓa koyar da wata yarinya da ta shafe makonni a maƙale da mahaifiyarta, yatsa a baki, ko tafi ba ta yi. Wata rana uwar ta tsaya bayan an tashi ta ce, "Malam, ai duk waƙoƙin nan a gida take rera mana su, har da yadda kake ɗaga hannu." Ashe duk zaman nan kwasa take yi. Da na jawo ta tsakiyar da'ira da ƙarfi, da ta ƙi dawowa.

Sai kayan kiɗa. Ana yawan zube su a tsakar ɗaki tun kafin yara su shigo, kuma duk yaron da ya riƙe ganga ya daina jin maganarka. Ka ɓoye su a jaka har sai lokacinsu ya yi. Kafin ka raba, ku saba da alamar tsayawa, misali in ka ɗaga hannu biyu kowa ya ajiye abinsa a ƙasa, kuma ku mai da ita wasa har ta zauna. Raba iri ɗaya ga kowa yana kashe rigimar "ni ganga nake so". A kula da ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta kan sauraro ta na'urori, ta sa wa yara iyakar desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 75 na awa 40 a mako, ƙasa da 80 na manya, kuma ganguna goma a ƙaramin ɗaki sun wuce haka nesa. A taƙaita lokacin bugu, ko a fita fili. Kacau-kacau da aka haɗa da gwangwani da tsakuwa a liƙe bakinsa sosai, domin ɗan ƙasa da shekara 3 komai baki yake kaiwa. Abin busa kuwa kowa da nasa.

Wasu malaman kunya suke ji su maimaita waƙar makon jiya, sai su riƙa kawo sabuwa kullum. Yara maimaici suke so. Waƙar gaisuwa ɗaya da ta sallama ɗaya, ba canji, sabon abu guda a tsakiya, cikin minti 30 zuwa 40, ya wadatar.

Iyaye kuma kada a bar su a bayan ɗaki suna danna waya, a jawo su cikin da'ira. Manya biyu su kasance a wurin koyaushe, a rubuta wanda zai zo ɗaukar kowane yaro, kuma kada a ɗauki hoto ko bidiyo sai da izinin iyaye.

In an matsa sai an yi taron nuna abin da aka koya, kada a ɓata makonni ana tisa waƙa ɗaya yara na tsaye a layi. A gayyato iyali su zauna a darasin da aka saba, a miƙa musu kacau-kacau su ma su kaɗa.