Kurakuran da Sababbi Ke Yi Wajen Fentin Ƙananan Sojoji Masu Milimita 6

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya, duk wanda ya shigo wanga sha'ani namu na ƙananan sojojin yaƙin tebur sai ya faɗa ramin da na gaba da shi ya faɗa. Kaya a yi odarsu tun daga Ingila, na kamfanin Baccus ne ko Heroics & Ros ko Pendraken masu milimita 10, a biya kuɗin jirgi da canjin fam yadda ya ke yanzu, a jira makonni kafin su iso Sakkwato, sannan a lalata su dare ɗaya. To ku saurara.

Babbar matsala ita ce fentin duhu da son fitar da kowane ƙaramin abu. Sojan milimita 6 kusan kashi ɗaya cikin 300 ne na mutum, kuma ba a tafin hannu za a kalle shi ba, bisa tebur za shi tsaya, tsakaninshi da idonka aƙalla tsawon hannu. Amma sai ka ga yaro ya ɗauko gilashin ƙara girma shina neman yi ma soja ido da gashin baki da maɓallin riga, ya kwashe awa biyu kan mutum guda alhali ɗari uku na jiranshi cikin leda. Wa zai gani? Ba wanda zai gani, kai ma da ka yi ba ka gani. Wanga shi ne ke sa mutane su watsar da abin tun ba su gama runduna ɗaya ba.

Ni wanga kuskure ya cinye mani rundunar Faransa ta zamanin Napoleon gaba ɗaya. Na shimfiɗa baƙi a matsayin fentin farko, na ɗora shuɗi mai duhu irin na ainihin rigarsu don in bi tarihi, da na jera su sai ga baƙin dunƙule, ba ka rarrabe Bafaranshe da Baturen Ingila sai ka sunkuya. Sai da na jiƙa su na kankare na sake daga farko, bindigogi da dama sunka karye wajen gogewa, har yau abin na ci mani rai. Abu in ya ƙanƙance launinshi duhu ya ke ƙarawa ga ido, don haka duk launin da ka ga daidai ne ƙara mishi haske mataki ɗaya ko biyu. Ni yanzu fari ko ruwan toka mai haske ni ke shimfiɗawa, in bi da ruwan fenti mai ruwan ƙasa tsararo ya shige lunguna, sannan in ɗiga launi huɗu kawai, riga, hula ko rawani, fuska da hannu, makami. Wasu na rantsuwa da baƙar shimfiɗa, su je su yi, ni na daina.

Masu haɗa yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 ku ne kunka fi wanga laifi. Tunda ƙananan sojojin Larabawan zamanin da da na mutanen Mahadin Sudan mu ke aro mu mayar da su namu, launi ne kaɗai zai nuna wane ne wane. Barade na Sarkin Gobir Yunfa masu lifidi a ba su ja da rawaya da kore masu ɗaukar ido, jama'ar Shehu kuwa galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kaɗan ne, to kada ka cika masu tebur da doki don kawai doki na da kyau. Kuma don Allah a daina shafa ma dawaki ruwan ƙasa guda, a sa akawal a sa kili a sa bikili. Kana zaune Sakkwato, hawan sallah na nan, gidan tarihi na Waziri Junaidu na nan, je ka gani da idonka kafin ka buɗe kwalba.

Na biyu dandamalin da a ke dasa su bisa, nan ma raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Kwali! Kwalin indomi, kwalin takalmi, har bayan littafin makaranta na gani. Farin gam na kafinta ruwa ne a cikinshi, ka shafa ma kwali ya sha, iskar hunturu ta busar da shi cikin minti kaɗan ya lanƙwashe, sojojin gefe su kwanta na tsakiya su miƙe, damina ta zo ya sake shan laima ya juya wani gefen. Dawakin Gobir ɗina duka bisa kwali na fara dasa su, da na zo ciro su ƙafafu sunka tsinke, ƙafar doki a wanga girma ba ta gyaruwa. Nemi fallen katakon MDF mai kaurin milimita 2, ko falle na roba mai tauri, in ba ka samu ba kai ma kafinta siririn filawud ya yanka maka. Kuma ka san dokar wasan da za ka buga kafin ka yanka, dokar Polemos dandamali mai milimita 60 da 30 ta ke so, dokar DBA faɗin milimita 40 ga ƙananan sojoji. Kada ka dasa sannan ka zo kana tambaya.

Sai yashi. Malam yi lissafi mana, ƙwayar yashi mai milimita 1 kusa da sojanka dutse ne mai santimita 30, ka ɗebo yashin gini ka barbaɗa ka mayar da fagen fama wurin fasa dutse. Ni rairayin bakin gulbin Rima ni ke ɗebowa, in shanya, in tankaɗe da rariyar gari sau biyu, abin da ya sauka ƙasa kaɗai ni ke aiki da shi. Gam kuma a tsarma shi da ruwa a shafa da tsohon burushi tsakanin ƙafafu, ba a tula ba har ya haɗiye sojan zuwa gwiwa. Ciyawar roba mai milimita 4 ta kai sojanka ƙirji, a nemi ta milimita 1 ko garin soso, ɗan ɗigo nan da can. Ƙasar kuma ta fi sojan haske, ƙasarmu ja-ja ce mai haske, in ka yi ta baƙi ƙirin duk wahalar fentinka ta nutse ciki.

Feshin fentin gwangwani da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fentin na bushewa a iska kafin ya sauka sai soja ya fito da gurji-gurji. Yi da asuba bayan salla, feshi biyu marasa kauri. Ranar da hazo ya sauka kuwa kada ka fesa komai, kuma duk abin da ka fenta kifa mishi roba.

Fenti na bushe maku a faranti saboda ba ku jiƙa soso ku ɗora takardar gashin kek ku zuba bisa, fentin Vallejo ya fi ƙarfin a barnatar haka.

Ku wanke sojojin da ruwan omo kafin komai, akwai maiƙon wurin zubi jikinsu. Ku manna su jere bisa sandar askirim ku fenta launi ɗaya ga kowa kafin na biyu. Supa gulu in ta yi yawa farin hazo ta ke bari. Banish mai ƙyalli ba na soja ba ne, a sa marar ƙyalli, kuma ba ranar ruwa ba.

Masu lasar burushi don ya yi tsini ku bari, wasu ƙarafan da a ke zuba sojojin da su akwai darma ciki, a wanke hannu kafin cin abinci kuma a ɗauke su daga inda yara ke kaiwa, ƙanana ne sosai suna haɗiyuwa. Ajiya kuma maganaɗisu ƙarƙashin kowane dandamali, cikin gwangwanin biskit mai murfi, ba cikin leda ba kuma ba a but ɗin mota ba.