Idan gobara ko fari ya ci maka dabbobi a Amurka, ga yadda ake neman tallafin gwamnati

Wannan na 'yan uwanmu ne da suka fara kiwon tumaki da awaki ko 'yan shanu a ƙauyukan Amurka. Tun gobarar Smokehouse Creek ta watan Fabrairun 2024 a arewacin Texas, wadda ta lashe fiye da eka miliyan 1, shanu dubbai suka ƙone a gundumar Hemphill da makwabtanta, abin yake tsaye min a rai, don kuɗin nan akwai shi amma sai mutum ya rasa shi saboda takarda.

Ofishin da zaka je sunansa FSA, yana ƙarƙashin ma'aikatar noma ta USDA, kuma kusan kowace gunduma akwai reshensa ko a kusa da ita. Kar ka jira masifa ta zo, tun yanzu ka je da takardar filinka ko ta haya su buɗe maka lambar gona, ka ba su asusun banki tunda ta nan kuɗin ke shigowa. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin duk suna iya nema.

In dabbobi sun mutu, shirin da ake kira LIP ne naka. Suna biyan kashi 75 cikin 100 na farashin kasuwa, amma fa ba duk wadda ta mutu ba, sai abin da ya haura mutuwar da aka saba gani a shekara. To anan ne ake kuka. Mutum yana cikin jimami, ga wari, sai ya yi sauri ya binne ko ya kira motar kwasar mushe bai ɗau hoto ba, daga baya ace kawo shaida ya tsaya yana rantsuwa, su kuma wallahi ba ruwansu da rantsuwa. Dan Allah kafin ka taɓa komai ka ɗau hoto da bidiyo mai kwanan wata, lambar kunne ta fito, ka ƙirga ka rubuta, ka ajiye rasit ɗin sayen dabbobin da na likitan dabbobi da na motar da ta kwashe, har littafin da kake rubuta haihuwa a ciki, don zasu so sanin nawa kake dasu kafin abin ya faru. Wadda ta ji rauni ka sayar da ita a wulaƙance ita ma ana iya lissafa ta, ka riƙe rasit ɗin kasuwa.

Fari kuma shirinsa daban, LFP, na asarar ciyawar kiwo ne, shi da taswirar fari da ake fitarwa duk Alhamis yake tafiya, sai gundumarku ta kai matakin da aka ɗiba. Kuɗin jigilar ruwa da abincin dabbobi yana cikin wani shirin da ake kira ELAP. Shingen da ya ƙone akwai ECP, shirin taimakon gyaran gona bayan masifa, amma ka sanar dasu kafin ka fara gyara.

Wa'adin miƙa takardu yana canzawa, saboda haka a satin da abin ya faru ka buga musu waya ka sanar da asarar, ka nemi ranar ganawa, ka tambayi ranar ƙarshe ka rubuta ta. Duk fom ɗin da ka sa wa hannu ka karɓi kwafinsa kafin ka fita ofis.