Yadda Ake Saka Direba da Hannu Bayan Canza Katin Wi-Fi na Tsohuwar Kwamfuta

Yawancin waɗanda na gani sun canza katin Wi-Fi a tsohuwar laptop kuskure ɗaya suke yi: sai sun ɗaure sukurori sun kunna kwamfutar, sannan su tarar Windows ba ta gane sabon katin ba, ga shi kuma babu intanet ɗin da za su sauko da direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da katin. Saboda haka ka sauko da direban tun tsohon katin yana aiki, ka adana shi a filas. Idan ka riga ka makara, ka haɗa wayarka da kebul ka ari intanet daga gare ta, sai dai ka kula da data, domin wasu fayilolin suna da nauyi.

Idan kwamfutar ta tsaya tun kafin Windows ta buɗe, tana nuna kuskure mai lamba 1802, kamar yadda ThinkPad T420 da X220 suke yi, to ba maganar direba ba ce. BIOS ɗinsu, wato tsarin da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, shi ne ba ya karɓar katin da ba ya cikin jerinsa, kuma babu direban da zai gyara wannan.

Idan ta buɗe lafiya, danna maɓallin Windows da na R tare, ka rubuta devmgmt.msc, ka danna Enter don buɗe jerin na'urorin da ke cikin kwamfutar. A ƙarƙashin Other devices za ka ga Network Controller ɗauke da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Danna masa dama, ka shiga Properties, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. A nan ne ya kamata mutum ya natsu, domin a nan na taɓa ɓata yini guda ina sauko da direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, na manta cewa duk abin da ke can na tsohon katin ne. Lambar da ke bayan VEN ita ke nuna wanda ya ƙera katin: 8086 Intel ce, 10EC Realtek, 168C Atheros, 14E4 kuma Broadcom. Wadda ke bayan DEV ita ke nuna samfurin. 08B1, alal misali, Intel Wireless 7260 ne. Da waɗannan lambobi za ka nemi direban, ba da sunan da mai shago ya faɗa maka ba. Kada ka kusanci manhajojin nan masu alkawarin sabunta duk direbobi lokaci guda.

Ka tabbatar direban ya dace da Windows ɗinka, 32-bit ko 64-bit, sannan ka sani cewa kati irin AX200 ba shi da direban Windows 7. Ka warware fayil ɗin da manhajar 7-Zip a cikin folda guda, ka koma kan Network Controller, ka zaɓi Update driver, sai Browse my computer, ka nuna foldar tare da sa alama a Include subfolders. Idan Windows ta ce ba ta sami komai ba, ka bi ta Let me pick, ka zaɓi Network adapters, ka danna Have Disk, ka nuna mata fayil mai ƙarewa da .inf da kanka.

Bluetooth direbansa daban ne, ko da yake a kati ɗaya suke, don haka ka saka shi shi ma, ka sake kunna kwamfutar. Idan Wi-Fi ya bayyana amma sigina ba ƙarfi ko kana kusa da rawuta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, ka buɗe bayan kwamfutar ka duba wayoyin eriya biyun nan, baƙa da fara, domin sau da yawa ɗaya ce ba ta zauna daram a kan maɓallinta ba.