Idan aka cire bidiyonka na sukar kamfanin motar lantarki

Da asuba na ga saƙon. Bidiyon minti 18 da na kwashe mako uku ina haɗawa ya ɓace daga tashata ta YouTube, sai baƙin allo a gurbinsa. A cikinsa na nuna wata motar lantarki da allonta ke cewa saura kashi 14 a batir, sannan ta mutu murus a kan hanya, mai motar yana zaune kusa da ni yana riƙe da kai. Ban tsaya karanta saƙon har ƙarshe ba. Raina ya ɓaci, na yanke hukuncin cewa kamfanin ne ya sa aka rufe mini baki, na goge ragowar bidiyon daga shafina, na sake ɗora shi sabo. Kafin azahar an sake cire shi, tashar ta tashi da tabon laifi, wato alamar hukunci da YouTube ke sa wa tasha, har biyu maimakon ɗaya. Sai da na nutsu na gano musabbabin: daƙiƙa 20 na tallar kamfanin da na sa a farko, da kiɗanta, don in gwada alƙawarinsu da abin da muka gani a hanya. Da na bi hanyar da ta dace tun farko, da ina da hujja mai ƙarfi. Gaggawa ce ta kusa cinye mini aikin shekaru.

Saboda haka abu na farko da zan roƙe ka, ɗan'uwa, shi ne kada ka goge komai, kada kuma ka sake ɗorawa. A YouTube goge bidiyo ba ya goge tabon da aka yi maka, yana iya ma toshe maka hanyar ɗaukaka ƙara. Ɗauki hoton saƙon imel ɗin, da hoton shafin da ke nuna matsayin bidiyon, ka rubuta rana da lokaci da adireshin bidiyon. Sannan ka zauna ka karanta saƙon sau biyu, domin ƙofofin da ake fitar da bidiyo ta cikinsu daban-daban ne, kuma makullin wannan ba ya buɗe waccan.

Ƙofar da aka fi bi ita ce ta haƙƙin mallaka. Tushenta dokar Amurka ce ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta ce muddin dandali yana son kada a kama shi da laifin abin da mutane suka ɗora, dole ya cire abu da sauri idan mai haƙƙi ya kawo ƙorafi a rubuce. Dandalin ba alƙali ba ne, ba ya zama ya auna ko sukarka gaskiya ce. Wannan ne ya sa ƙofar take da daɗin bi ga duk wanda bidiyo ya dame shi: bai buƙatar ya ƙaryata ka, ya isa ya nuna wani yanki na talla, ko na taron ƙaddamar da mota, ko kiɗa, ya ce nasa ne. A saƙon za ka ga sunan wanda ya yi ƙorafin da yankin da yake magana a kai. Duba sunan da kyau. Sau da yawa ba kamfanin motar ba ne, wani kamfanin kiɗa ne ko gidan talabijin da ka ari hotonsa.

A nan sai ka rarrabe abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai da'awar Content ID, wadda na'ura ce ke yi idan ta ji sauti ko ta ga hoton da ya yi daidai da na wani. Wannan ba ta sa maka tabo. Tana iya karkatar da kuɗin talla ko ta toshe bidiyon a wasu ƙasashe. Kana iya yanke yankin, ko ka kashe sautinsa, ko ka musanta, mai da'awar kuma yana da kwana 30 ya amsa. Akwai kuma cikakkiyar takardar neman cirewa, wadda ita ce ke zuwa da tabo. Tabo uku, an rufe tashar. Tabon yana faɗuwa bayan kwana 90 idan ka kammala ɗan darasin haƙƙin mallaka da YouTube ke bayarwa.

Idan takardar cirewa ce, hanya uku ke gabanka. Ka jira kwana 90 ɗin, ka haƙura da bidiyon. Ko ka rubuta wa mai ƙorafin cikin ladabi ka nemi ya janye. Ni na ga hakan ya yi aiki, musamman idan ka ce za ka cire yankin nasa. Ko ka shigar da takardar musantawa. Ita ce makami mafi kaifi, kuma tana da baki biyu. A cikinta za ka rubuta cikakken sunanka da adireshinka da lambar wayarka, ka rantse cewa ka yi imani an cire bidiyon bisa kuskure, ka kuma amince a iya kai ka kotu. Duk waɗannan bayanan ana miƙa su ga wanda ya yi ƙorafin. Daga nan yana da kwanakin aiki 10 ya nuna ya shigar da ƙara a kotu. Idan bai yi ba, a mayar da bidiyonka. Idan ba ka son adireshin gidanka ya shiga hannun lauyoyin kamfani, lauya yana iya shigar maka da ita da adireshin ofishinsa. Ni da na zo wannan gaɓar a karo na biyu, sai da na kwana biyu ina juya maganar kafin in danna, domin sa hannu ne a kan cewa ka shirya tsayawa gaban alƙali.

Me za ka rubuta a ciki? Gajeren bayani, ba kuka ba, ba zagi ba. Dokar Amurka ta yarda a ɗauki yankin aikin wani don suka ko sharhi ko rahoto, kuma kotu tana duba abu huɗu: manufar amfanin, irin aikin da aka ɗauka, yawan abin da aka ɗauka, da ko ya rage wa asalin kasuwa. To ka amsa su kai tsaye. Nawa na rubuta shi kamar haka: daga minti 1 da daƙiƙa 5 zuwa minti 1 da daƙiƙa 25 na nuna yankin tallar da ke faɗin nisan da motar ke yi da caji ɗaya, ina magana a kansa, ina gwada shi da gwajin da na yi, ba wanda zai kalli bidiyona a madadin tallar. Iyakarsa ke nan. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka, a shari'ar Lenz da kamfanin kiɗa na Universal, ta ce dole mai haƙƙi ya fara auna ko amfanin halattacce ne kafin ya aika takardar cirewa. Amma ka sani wannan ƙa'idar ta Amurka ce. Wasu ƙasashen nasu sassaucin ya fi ƙunci.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ƙa'idojin dandalin kansa, kuma a nan magoya bayan kamfani suka fi shigowa. Motocin lantarki suna da masoya masu zafi, wasunsu ma suna da hannun jari a kamfanin, sukar motar tamkar taɓa aljihunsu ce. A 2020 Rich Benoit, mai tashar Rich Rebuilds da ya yi suna wajen gyaran motocin lantarki na kamfanin Tesla da suka yi haɗari, ya ɗora bidiyon da ya ce zai sayar da tasa ya koma motar fetur. Cikin sa'o'i aka cire shi da sunan saɓa ƙa'ida, shi kuma ya zargi taron masu kai rahoto. Daga baya bidiyon ya dawo. Idan irin wannan ce ta same ka, a YouTube karon farko yawanci gargaɗi ne, tabo na farko ya hana ka ɗora abu mako ɗaya, na biyu cikin kwana 90 mako biyu, na uku a rufe tashar. Damar ɗaukaka ƙara ɗaya ce tak ga kowane tabo, don haka kada ka ɓarar da ita da cewa an zalunce ka. Buɗe ƙa'idar da aka ce ka saɓa, ka karanta ta, ka nuna da minti da daƙiƙa cewa babu abin a bidiyonka.

Kuma ka yi wa kanka adalci, domin wani lokacin akwai shi. A watan Agustan 2022 YouTube ya cire bidiyoyin da wasu direbobin Tesla suka tsayar da yara na gaske a kan titi don nuna cewa manhajar da ke tuƙa motar da kanta za ta tsayar da ita. Waɗannan masu kare kamfanin ne, ba masu sukarsa ba, kuma ni ina ganin cirewar daidai ce. Idan a gwajinka ka saki sitiyari a titin da jama'a ke bi, ko ka nuna fuskar ma'aikacin wurin gyara da sunansa ba da izininsa ba, ko lambar motar wani, ka ba da ƙofa da hannunka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana iya dusashe fuska da lamba a cikin shafin gyara na YouTube ba tare da an sake ɗora bidiyon ba.

Ƙofa ta uku ta fi nauyi, kuma sau da yawa ba ta bi ta dandalin ma. Wasiƙar lauya ce ke zuwa maka, ta ce ka ɓata suna, ka cire ko a haɗu a kotu. Wasiƙa ba hukuncin kotu ba ce. A watan Agustan 2022 Tesla ta aika irinta ga The Dawn Project, ƙungiyar Dan O'Dowd mai sukar manhajar tuƙin Tesla, kan bidiyon da ke nuna motar Tesla tana take mutum-mutumin yara. Ba su cire ba, a Fabrairun 2023 ma suka sayi lokacin talla a Super Bowl, babban wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka. Tun kafin nan Tesla ta kai BBC ƙara a 2011 kan yadda shirinta na motoci, Top Gear, ya nuna motar Tesla Roadster a 2008, ta sha kaye, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta ƙi farfaɗo da shari'ar. Sai dai O'Dowd attajiri ne, BBC kuma tana da rundunar lauyoyi. Kuma ƙasa ta bambanta da ƙasa. Zhang Yazhou, matar da ta hau kan mota a baje kolin Shanghai a Afrilun 2021 tana cewa birkin Tesla ya ƙi aiki, kotu a Sin ta umarce ta da ta nemi afuwa ta biya sama da yuwan 170,000. A Biyetnam, a 2021, kamfanin motoci na ƙasar, VinFast, ya kai ƙarar wani mai tashar YouTube wurin 'yan sanda kan bidiyon da ya soki motarsa, alhali mutumin ya riga ya cire shi. Idan wasiƙa ta zo maka, kada ka amsa da kanka a ranar, kada kuma ka karanta ta a bidiyo kana cika baki. Kai wa lauyan da ya san dokar ɓata suna ta ƙasar da kake.

Abin da lauyan zai fara tambayarka shi ne hujja, kuma ita ba a ranar ake haɗa ta ba. Wannan ne wurin da na fi son ka tsaya. Ajiye asalin hoton da kyamara ta ɗauka, wanda ba a yanka ba, a wuri biyu, ɗaya ba a intanet ba. Kafin ka tayar da mota ɗauki allon da ke nuna lambar manhajar da take kai, domin waɗannan motocin ana sabunta su ta intanet cikin dare, kamfani yana iya cewa matsalar da ka nuna babu ita, kai kuma ba ka da shaidar wace manhaja ka gwada. Ɗauki kilomitar motar, da zafin gari, da kashin batir a farko da ƙarshe. Ajiye takardun wurin gyara da duk saƙon da kuka yi da kamfanin. Kafin ka ɗora, rubuta musu ka faɗi abin da ka gani, ka ba su kwanaki su amsa, ka sa amsarsu a bidiyon, ko ka ce ba su amsa ba.

Sai kuma harshe. Akwai tazara mai faɗi tsakanin "na taka birki a wannan daƙiƙar, ga ƙafata a hoto, motar ba ta tsaya ba" da "birkin motocin kamfanin nan ba ya aiki". Na farko abin da ka gani ne, kana iya kare shi. Na biyu hukunci ne a kan dubban motocin da ba ka taɓa shiga ba. Haka "sun san da matsalar suka ɓoye": idan ba ka da takardar da ta nuna sun sani, kada ka faɗa, musamman a kanun bidiyo da hoton bangonsa, inda son jan ido ke sa mutum ya zarce abin da ya tabbatar. Wannan ba rage zafin suka ba ne. Mai shirin zuba kuɗinsa a mota, ko ya ɗora iyalinsa a ciki, ya fi amfana da abin da ka auna.

Idan kai ma'aikacin kamfanin ne, ko an ba ka motar aro, ko an sa ka cikin masu gwajin manhaja, karanta abin da ka sa wa hannu. John Bernal, mai tashar AI Addict, ma'aikacin Tesla ne, an sallame shi a Fabrairun 2022 bayan ya ɗora bidiyon da motarsa ta bugi sandar gefen titi a San Jose tana kan manhajar tuƙi.

Wanda ke zaune a ƙasashen Tarayyar Turai yana da ƙarin hanya: dokar ayyukan dijital, wadda ta fara aiki a kan dukkan dandali a Fabrairun 2024, ta wajabta a faɗa maka dalilin cirewa, ta ba ka aƙalla wata shida ka shigar da ƙorafi a cikin dandalin, sannan kana iya kai maganar ga hukumar sasanci mai zaman kanta. Ko'ina kake kuma, leƙa rumbun Lumen, inda ake tara kwafin takardun neman cire abubuwa daga intanet. Idan sunan da ya yi ƙorafi a kanka ya bayyana a kan wasu masu suka, ka tuntuɓe su, ku haɗa abin da kuke da shi ku kai wa ɗan jarida.

Nawa bidiyon ya dawo bayan wa'adin kwanakin aikin ya cika ba tare da an shigar da ƙara ba, tabon da ke kansa ya faɗi. Ɗaya tabon, na bidiyon da na goge da hannuna, sai da na jira kwana 90 ɗinsa cif. Yanzu idan zan kawo alƙawarin kamfani, ba na ɗora tallarsu; ina buɗe shafinsu, in ɗauki hoton adadin da suka rubuta tare da ranar, in karanta shi da bakina.